Gilasan leƙe uku a kan Mushtari da Zuhal, da wanda na riƙe

Wata biyar na yi ina sauya gilasan leƙe uku a jikin madubin hangen nesa guda, don in gane wanne ya fi dacewa da kallon duniyoyi. Gilashin leƙe shi ne ɗan bututun nan da ake zurawa a jikin madubin, inda mai kallo yake ɗora ido. Madubina samfurin Dobson ne, faɗin bakinsa milimita 200, nisan tattara haskensa milimita 1200, kuma da hannu nake tura shi, ba shi da injin bin taurari.

Duka ukun na milimita 6 ne, wato nisan tattara haskensu ke nan. In aka raba 1200 da 6, kowanne yana ninka girman abu sau 200, don haka ba wanda ya fi wani kusanto da duniya. Bambancin yana wani wurin.

Na fara da Plössl, ƙirar da Simon Plössl na Ostiriya ya fito da ita a 1860. Na milimita 25 ɗin da nake da shi ban taɓa kuka da shi ba, amma na 6 wahala ce zalla. Sai ido ya matsa kamar milimita 4 kafin a ga fili duka, wato da'irar sararin da gilashin yake nunawa, gashin ido yana shafar gilashin yana barin maiƙo. Hoton ba laifi, zaman ne ba ya yiwuwa. Bayan mako biyu na mayar da shi akwati.

Na biyu shi ne oto, wato orthoscopic a taƙaice, ƙirar Ernst Abbe ta 1880, wadda tsofaffin masu kallon duniyoyi ba sa gajiya da yabonta. Yanzu na san dalili. Gilasai huɗu ne kacal a ciki, uku manne da juna, ɗaya a ware, shi ya sa haske ba ya watsuwa sosai. A kan Mushtari, wato Jupita, sararin da ke kewaye da duniyar baƙi ƙirin yake fitowa, ɗamarun nan biyu masu duhu kuma gefensu yana nuna ƙananan lanƙwasa. Daren da inuwar Io, ɗaya daga cikin watannin Mushtari, ta ratsa fuskar duniyar, ɗigo ne baƙi mai kaifi kamar an ɗiga tawada. Na jima ban ji daɗin kallo irin na wannan daren ba.

Sai dai filinsa ƙunci gare shi, digiri 42 ko kusa da haka. Ƙasa tana juyawa, kuma a ninki 200 Mushtari yana ƙetare wannan fili cikin daƙiƙa 50 kacal. Ka tura madubin, ka jira girgiza ta lafa, kafin ido ya natsu duniyar ta kai gefe. Matsalar kuwa ita ce iskar sama ba ta tsayawa cak. Mafi yawan lokaci hoton rawa yake kamar abu a ƙarƙashin ruwa, sai can ya daidaita na daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma a ɗan wannan tsakanin ake ganin babban jan tabon da ke fuskar Mushtari da siraran layukan. Sau da yawa lokacin yana zuwa hannuna na kan madubi.

Na uku na zamani ne, mai fili digiri 72 da tazarar milimita 20 tsakanin ido da gilashi. Gilasan cikinsa sun fi yawa, nauyinsa ya kusa rabin kilo, har sai da na ɗaura ɗan ƙarfe a gindin madubin don kada bakinsa ya riƙa sunkuyawa. Ya kuma fi sauran tsada nesa ba kusa ba. In na gwada su a jere, oto ya ɗan fi shi tsabtar baƙi a kewayen duniya, amma ɗan kaɗan ne, sai a dare mai kyau ƙwarai ake lura. Shi kuwa yana ba ni kusan minti ɗaya da rabi kafin in sake turawa, ina zaune a kujera, ko tabarau ban cire ba. Abin da na gani da shi a jimlace ya fi abin da na gani da oto, don kawai idona ya fi daɗewa a wurin.

Zuhal, wato Saturn, duniyar nan mai zobe, bai taimaka wajen raba gardamar ba. Zobensa ya juyo mana da gefe a watan Maris na 2025, kuma lokacin gwajina bai buɗe sosai ba, saboda haka ban auna su da tsagin cikin zoben da masanin taurari Cassini ya gano a 1675 ba. Duka ukun sun nuna zoben siriri da Titan, watan Zuhal, a gefe.

Wanda madubinsa ke da injin bin taurari, kuma ba ya sa tabarau, ya ɗauki oto, ba zai yi nadama ba. Wanda yake da Plössl na milimita 12, ya gwada haɗa shi da gilashin Barlow mai ninka biyu kafin ya sayi komai, zai sami ninki 200 ɗin nan ba tare da manna ido ba. Ni dai mai faɗin ne yake kwana a jikin madubina. Oto yana aljihu, ina fito da shi ne a daren da na ga taurari sun daina ƙyafta.