Mai gyaran AC ɗin da ya ƙi zuba min gas

Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ƙara kuɗin wuta a watan Afrilun 2024, mu 'yan Band A, wato rukunin da aka ce an fi ba wuta, yunit ɗaya ya koma naira 225, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo 200 da 'yan kai, wallahi duba mitar katin nan ya zame min kamar zuwa awon hawan jini. Ga zafin Kano a Afrilu da Mayu, ya haura digiri 40, dare ya yi bango yana huci kamar tanda, AC ɗin ɗakinmu kuma sai ƙugi yake ba sanyi, yunit na zuba.

Ni a tunanina gas ne ya ƙare, don haka kowa ke cewa. Maƙwabcina ya haɗa ni da wani mai gyara, ba zan faɗi sunansa ba tunda ban nemi izininsa ba. Ya ce ƙarfe 10 na safe, bai iso ba sai bayan la'asar, wannan kam ya ɓata min rai. Amma da ya ɗora gejinsa sai ya ce, "Alhaji gas ɗinka lafiya lau, shi gas ba ya ƙarewa sai in bututu na yoyo, in na zuba maka na ci haram." Na ce to Malam mene ne matsalar? Kawai ya zaro filta ya miƙo min. Jama'a kunya ta kama ni, ƙurar hunturun bara da ta bana duk tana nan ta yi kauri kamar bargo, iska ba ta da hanyar wucewa, shi ya sa kwamfaresa, injin da ke tura gas ɗin, ke ta aiki ba hutu.

Ya wanke filta, ya wanke na cikin, ya fita ya wanke injin waje wanda ashe a bangon yamma aka kafa shi, rana na dukansa tun azahar. Ya ce a yi masa 'yar rumfa amma kar a toshe shi, ya samu iska.

Inda ya fi burge ni lissafin da ya yi min a bayan kwali. AC mai doki ɗaya da rabi yana jan kilowat ɗaya da ɗan wani abu, in ka bar rimot a digiri 16 kwamfaresa ba zai taɓa tsayawa ba don ɗakin ba zai kai 16 ɗin ba a wannan zafin, awa 8 ka ƙone wajen yunit 9, kusan naira 2,000 kenan a dare ɗaya, ɗaki ɗaya fa. Ya ce sa shi a 25 ka kunna fanka, jikinka zai ji sanyi, shi kuma injin ya riƙa kamawa yana saki. Uwargida ta ce ita ba ta yarda ba, 16 ta saba. Kwana biyu ta daina magana, har bargo take ja da asuba.

Sauran shawarwarinsa ba su da tsada, labule mai kauri a tagar yamma, toshe ƙasan ƙofa da tsumma, wanke filta da kaina duk sati biyu. Ya leƙa silin ya ce zafin kwano ne ke sauko mana, nan na tuna ɗakin kakata na ginin ƙasa da azara a ƙauye, ko fanka babu amma sai ka yi barcin rana ka manta kanka, mu kuma mun zo birni mun rufa kwano muna biyan kuɗi a fitar da zafin.

Ya so in sayi AC inbata, irin mai rage jan wuta da kansa in ɗaki ya yi sanyi, na ce sai dai in Allah ya hore. Fankar silin ta DC, irin mai ƙarancin jan wuta, dai na saya guda ɗaya, tana jan wat 30 da wani abu, tsohuwar kuma 70 zuwa 75. Tana da tsada gaskiya, kuma rimot ɗinta kullum yara sun ɓoye shi.

Abin da ban ji daɗi ba bayan lattin, yaronsa ya fantsama ruwan datti a bango har yanzu tabon na nan, kuma bai zo da leda ta tare ruwa ba sai bokitinmu aka ɗauka. Duk da haka katin da a da ba ya kai mu sati biyu yanzu yana leƙa na uku, na riga na ce masa ya dawo bayan hunturu, amma ya taho da ledarsa.