Gargaɗi ga iyaye: ku yi hattara da masu tallan "motar iyali mai ɗaukar kujerun yara uku"

Iyaye, musamman waɗanda Allah ya ba yara ƙanana bi-da-bi ko tagwaye, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kafin alƙalamin mota. Abin ya faru da ni, na yi asarar kuɗi, amma ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne saura ƙiris in ɗora 'ya'yana uku a kan ƙarfen da ba ya riƙe da komai.

Yaranmu biyu, ɗaya shekara 4, ɗaya shekara 2, ga maiɗakina da tsohon ciki. Motar da muke hawa kujerun yara biyu sun cinye bayanta, ko hannu da ƙyar yake shiga tsakaninsu. Muna cikin neman mafita sai na ci karo da talla a intanet: motar iyali, kujerun yara uku a jere a baya, ISOFIX (ƙarafan da ake maƙala kujerar yaro a jikinsu) a duka wuraren zama uku, kuma za a ba da kujerun kyauta tare da motar. Ga hoto nan tsaf, kujeru uku iri ɗaya sun zauna daram. Duk wanda ya taɓa faɗi-tashin neman irin wannan mota ya san abin da hoton nan zai yi wa zuciyar uba.

Na kira shi. Mutum ne mai daɗin baki, "Yallaɓai" yake ce min tun daga farko har ƙarshe, ya tambayi shekarun yaran, ya yi wa Hajiya addu'ar sauka lafiya. Ya ce shi ma 'ya'yansa uku, sun girma ne shi ya sa zai sayar. Sai ya sako zancen cewa wani zai zo da kuɗi a hannu washegari, in ina so ya ajiye min sai in ba da kafin alƙalami. Na tura. Wannan shi ne kuskurena, kuma a kan wannan gaggawar suke gina sana'arsu, domin sun san mai jiran haihuwa ba shi da lokacin ja-in-ja.

Ranar ganin mota na tafi da wani dattijon bakanike da muke kira Baba, wanda ya daɗe yana duba mana mota, na kuma ɗauki kujerun yaranmu biyu da wadda muka saya wa jariri. Motar tana nan, ta sha wanki, kujerun nan uku suna ɗaure kamar yadda suke a hoto. Da Baba ya ce a cire su, sai fuskar mutumin ta canza. Wai ƙwararre ne ya ɗaura su, in an cire ba za su koma daidai ba. Baba bai tanka masa ba, ya sa hannu ya cire ta tsakiya.

A nan ya kamata in tsaya in yi bayanin ISOFIX, domin jahilcinmu a kansa shi ne jarin waɗannan mutane. Wasu ƙarafa ne guda biyu masu siffar ƙugiya da ke ɓoye a tsagar da ke tsakanin mazauni da majingina, tazarar da ke tsakaninsu santimita 28, kuma tun daga kamfani ake haɗa su da gangar jikin motar ko ƙashin kujerarta. A Amurka ana kiran tsarin LATCH. Kujerar yaro tana maƙalewa a jikinsu, in an yi karo su ne za su riƙe nauyin kujera da yaro gaba ɗaya. Yawancin motoci wuraren zama biyu na gefe kawai suke da su, na tsakiya babu. Abin da Baba ya zaro daga tsakiyar motar nan wani faifan ƙarfe ne mai ƙugiya biyu, irin wanda ake sayarwa a intanet da sunan ya dace da kowace mota. An tura shi ne ta bayan kushin, majingina ce kawai ta tokare shi, babu walda, babu noti ko ɗaya. Ya ɗaga shi sama ya ce min, "Ɗana, wannan in aka taka birki da ƙarfi tare da yaron zai tashi."

Da muka juya kujerun kyautar, babu wadda ke da takardar shaidar gwaji ta gaskiya. Kujerar da ta cika ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗauke da tambari, galibi ruwan goro, mai harafin E da lambar ƙasa a cikin da'ira, da lambar ƙa'idar, R44 ko R129, da nauyi ko tsayin yaron da aka yi ta dominsa. Ta Amurka kuma tana da rubutun da ke cewa ta cika ƙa'idar tsaron motoci ta ƙasar, da ranar da aka ƙera ta. Biyu daga cikin kujerun kyautar ba su da komai, ɗaya kuma an manna mata wata takarda da farce ya ɓare. Babu littafin bayani, babu ranar ƙira, robar tana lanƙwasuwa da hannu, igiyoyin kafaɗa sirara. A lokacin na gane sirrin hoton nan. Kujerun sun shiga uku a jere ne saboda ƙanana ne marasa kariyar gefe. Kujerar i-Size ta ƙaramin yaro, wato mai bin ƙa'idar R129 da ta fara aiki a 2013, faɗinta yana iya kai santimita 44. Guda uku irinta santimita 132 ke nan, ban da wurin da hannu zai shiga ya ɗaure bel. Da muka jera namu na gaske, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Baba bai tsaya nan ba. Ya murɗa makulli ya ce in kalli fitilun da ke gaban direba. Fitilar jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum in an yi karo, ya kamata ta kama na ɗan daƙiƙoƙi sannan ta mutu da kanta. Wannan ba ta kama ba sam, alamar an kashe ta ne don kada ta tona asiri. Ya fizgi bel ɗin tsakiya da ƙarfi, maimakon ya cije sai ya biyo hannunsa. Takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ma an ɓare ta, ita ce kuwa take ɗauke da lambar casis, wadda ake kira VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, babu I, O da Q a cikinsu, kuma dole wadda ke ƙasan gilashin gaba, da ta jikin ƙofa, da ta takardun mota su zama iri ɗaya. Da lambar nan ake binciken ko mota ta taɓa mummunan haɗari ko ambaliya, a ƙasashen da ke ajiye irin wannan tarihi.

Na ce na fasa, a mayar min da kuɗina. Ya ce kafin alƙalami ba ya komawa, ni na ɓata masa ciniki. Bayan kwana biyu lambarsa ta daina shiga.

Akwai abin da nake so iyaye su fahimta, don kada tsoro ya kai su ga wani kuskuren. Rashin ISOFIX a tsakiya ba shi ne haɗarin ba. Kujeru da yawa an yi su ne a ɗaure da bel ɗin mota mai kama kafaɗa da ƙugu, kuma in an ɗaure daidai yadda littafin kujerar da na motar suka nuna, suna riƙewa sosai. Haɗarin shi ne a yaudare ka ka dogara da ƙarfen bogi. Haka kuma kada ka ɗauki ƙugiya ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu ka maƙala kujera a tsakiya, sai in littattafan biyu sun yarda da hakan ƙarara. Motocin da suke da ISOFIX uku na gaske a layi na biyu suna nan, mafi yawansu masu kujeru uku rarrabe, kowace da nata layin dogon da take gudu a kai, irin su Volkswagen Touran da Sharan, Ford Galaxy da S-Max, da Citroën Grand C4 Picasso. Duk da haka sunan mota ba ya wadatarwa, domin abin yana bambanta daga shekarar ƙira zuwa wata, da kuma ƙasar da aka ƙera wa motar. Littafin motar ne zai nuna maka kowane wurin zama da abin da ya halatta a ɗora masa. In mai sayarwa ya ce littafin ya ɓata, yawancin kamfanoni suna sa shi kyauta a intanet.

Wani romon bakan da suke yi shi ne "mai cin mutum bakwai ce, matsalarka ta ƙare". Layi na uku a motoci da yawa ba shi da ISOFIX, ba shi da maƙalin igiyar sama da ke hana kujera mai kallon gaba tuntsurowa. In ka kafa kujeru a layi na biyu kuma, sau da yawa ba za su kwanta ba balle a wuce baya, sannan but ɗin ya tsuke har keken jariri ba zai shiga ba. Kujera mai ƙafar tokare ƙasa ma sai an duba, domin wasu motocin iyali suna da akwatin ajiya a ƙarƙashin ƙafa, murfinsa ba lallai ya ɗauki nauyin ba. In kuma wani ya ce maka sa jaririn a gaba kawai, ka sani kujerar da ke kallon baya ba a sa ta gaban jakar iska mai aiki, bugunta kaɗai yana iya kashe jariri.

Kujerar kyauta da ba ka san tarihinta ba, ko da ta gaske ce, ka bar masa abinsa. Wadda ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba, kuma masu ƙera su suna sa musu wa'adi, galibi shekara 6 zuwa 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara tana iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin 100, amma wannan magana ce a kan kujerar da aka gwada, aka kuma ɗaure ta daidai.

Yanzu duk motar da zan gani, da kujerunmu uku da tef ɗin awo da bakanike nake zuwa. Ina sa yatsa in taɓa ƙugiyoyin da kaina, in ja su, in ɗaure kujerun, in girgiza kowace daga gindinta in ga ba ta motsa fiye da faɗin yatsu biyu ba, in rufe ƙofofi, in tabbatar hannuna yana kai wa ga maɓallin kowane bel. Mai gaskiya ba ya hana ka wannan, wanda ya fara zancen wani mai saye na hanya kuwa sai in yi masa sallama.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda da shaidar tura kuɗin da hotunan hirarmu, na kuma sanar da masu shafin har suka cire tallan. Makon da ya wuce maiɗakina ta nuna min hoton nan dai, kujeru uku a jere, da wani suna da wata lambar waya. Motar tana hannunsu har yanzu, faifan ƙarfen nan ma na tabbata sun mayar da shi wurinsa. In kun san wasu iyaye da ke neman irin wannan mota, don Allah ku tura musu wannan kafin su biya.