Tirelar keke mai ƙafa biyu: mahaɗinta ya burge ni, sauran kuwa da sauran magana

Abin da ya sa na nemi tirela, wato ɗan amalanken da ake ja da keke, shi ne kariyar ɗora kaya ta bayan kekena ta gaza. Yawancin kariyoyi ba a ƙera su don su ɗauki fiye da kilo 25 ba, kuma tun kafin a kai wannan nauyin keke yakan fara rangaji, domin kayan suna zaune a sama, can bisa tayar baya. Ni kuwa zirga-zirgata ta yau da kullum ta cefane ce da ɗauko kwalaye da kai kayan gyara, abubuwan da ba su kai a kira mota ba amma sun fi ƙarfin jakar goyo. Na zaɓi mai ƙafa biyu, tayoyinta masu inci 16, wadda aka rubuta cewa tana ɗaukar kilo 40, kuma ana ɗaura ta a gefen hagu na ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Na ƙi mai ƙafa ɗaya saboda tana karkata tare da keke, wato duk nauyin da ke cikinta mai tuƙi ne zai riƙa daidaita shi, musamman idan ya tsaya a danja ko yana lodi. Irin wannan ta fi dacewa da matafiya masu bin siraran hanyoyi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ya faru ne a wata kwana da ke ƙarshen gangara. Tirelar tana ɗauke da kwalaye biyu na littattafai da jarkar ruwa, ina tafe a hankali, sai wata mota ta matso ni zuwa gefen titi a daidai lokacin da nake shan kwanar. Duk wanda ya taɓa jan tirela ya san cewa ba ta bin sawun keke daidai, takan yanke kwana ta ciki. Tayar keke ta wuce lafiya, amma tayar tirelar ta ciki ta hau dakalin gefen titi, nan take ta tashi sama, tirelar ta kife a kan gefenta. Na ji ƙarar ƙarfe yana gurzar kwalta a bayana, na ji an fizgi keken baya, zuciyata ta yanke na sakankance cewa faɗuwa zan yi a gaban motocin da ke biye da ni. Abin mamaki, keken bai ko karkata ba. Na taka birki, na sa ƙafa a ƙasa, na waiga na ga tirelar kwance, tayarta ɗaya tana ta juyawa a iska.

Da na durƙusa na duba ne na gane abin da ya cece ni. A ƙarshen sandar da ke haɗa tirelar da keke akwai wani kakkauran sifirin da aka lulluɓe da roba, kuma shi ne ya murɗe ya shanye juyawar gaba ɗaya, bai bar ta ta isa jikin keken ba. Fil ɗin da ke kulle mahaɗin yana nan a raminsa, makullinsa bai ɓalle ba, igiyar tsaro da ake zagayawa a jikin firam ɗin keke ita ma ba ta tsinke ba. Fenti ya goge a kusurwar tirelar har farin ƙarfe ya fito, kwali ɗaya ya yage, iyakar ɓarnar ke nan. Na tayar da ita, sifirin ɗin ya koma yadda yake, na gyara kayana na ci gaba da tafiya. Kafin wannan rana ina ganin mahaɗin a matsayin ƙaramin abu da ba ya buƙatar dogon tunani, yanzu kuwa shi ne abu na farko da nake cewa mai saye ya riƙe a hannunsa ya lanƙwasa ya murɗa ya gani. Idan ba ya juyawa ta kowace fuska, tirela za ta tafi ƙasa da keke da mai shi, kuma a tsakiyar titi wannan maganar rai ce.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce kowa ya je ya saya ba tare da shakka ba. Sai dai duk lokacin da na tuna wahalar da na sha kafin ma tirelar ta hau titi, raina yakan sake ɓaci. A jikin kwalin an rubuta cewa tana shiga kowane keke, wanda ba gaskiya ba ne. Ƙarfen mahaɗin da ke ciki an yi shi ne don kekunan da ake ɗaure tayarsu da noti ko da siririn ƙarfen nan mai hannun buɗewa, alhali kekuna da yawa na zamani suna da kakkauran ƙarfe mai kaurin milimita 12 wanda ke ratsa firam ya ɗauru da zare. Nawa irin wannan ne. Dole ta sa na nemi wani kakkauran ƙarfen na daban wanda mahaɗin zai iya kamawa, kuma ba kowanne ke shiga ba, domin tsawonsu da zarensu sun bambanta daga keke zuwa keke. Na tambayi mai sayarwa wanne zai dace, amsar da ya ba ni ita ce in duba takardar da ke cikin kwali, takardar da ba ta ce uffan a kan batun ba. Tirelar ta daɗe jingine da bango tana shan ƙura, ga kuɗi na biya, kuma wannan ƙarin ƙarfen daga aljihuna ya fita.

Rumfar tamfol ɗin da ke rufe tirelar, wadda aka ce ba ta shan ruwa, ita ma ta ci amanata. Ba ta da sanda a tsakiya, don haka ruwan sama yakan taru a kanta ya yi kwari, daga nan ya riƙa ɗiga ta wajen ɗinki. Na tarar da takarduna sun jiƙe sharkaf, tun daga lokacin sai na naɗe kaya a leda kafin in rufe, abin da bai kamata a ce mai rumfa yana yi ba. Idan babu kaya a cikinta kuwa, tsalle take yi a kan kowane rami tana ƙara kamar garwar da ba kowa a ciki, har masu tafiya a ƙasa suna waigowa. Rage iskar tayoyin ya sassauta abin, amma bai kawar da shi ba.

A kan shimfiɗaɗɗen titi, idan an jera kaya masu nauyi a ƙasa daidai kan ƙafafun, ɗan kaɗan zuwa gaba, mutum yakan manta yana jan wani abu, sai hawa ko birki su tuna masa. Tirelar ba ta da birki nata, saboda haka nauyinta yakan turo keke a gangara, dole a fara tsayawa tun daga nesa. Wannan halin yawancin tireloli ne, ban ɗora mata laifinsa ba. Abin da na ɗora wa masu ƙera ta shi ne tutar da suka haɗo da ita, mai gajeriyar sanda mai laushi da ba ta kai tsayin da direban babbar mota zai hango ba, a kan abin da ke tafiya ƙasa-ƙasa a bayan keke. Na sauya ta da doguwa, na ƙara jar fitila a baya, kuma har yau mai sayarwar bai amsa saƙon da na aika masa game da rumfar ba.