Naira 145,000 na biya, aka aiko min da katin 2010

Jama'a ku yi hankali da wani mai tallar kayan kwamfuta a Facebook, yana cewa a Legas yake amma ɗan gida ne, kayansa kuma duk daga Ingila suke zuwa. Naira 145,000 ya ci min a cinikin katin hoto na kwamfuta, ban da 7,000 na mota. Kwana huɗu ke nan ban gaya wa kowa a gida ba saboda kunya.

Kuma kafin wani ya ce min ganganci na yi, ni ba yau na fara taɓa kwamfuta ba. Wata bakwai ina haɗa wannan na'urar da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, duk sanda kuɗi suka shigo. Furosesa Ryzen 5 5600, allon B450, RAM 16GB, fawa mai wat 550, duk ni na zaɓa, ni na ɗaura, ba wanda ya riƙe min sukundireba. Katin hoto, wanda ke fitar da hoto a allo, shi kaɗai ya rage, kuma wanda ya san 5600 ya san ba ta da nata hoton a ciki kamar 5600G, in babu kati allo baƙi ƙirin za ka yi ta kallo. Wata biyu akwatin na zaune a kusurwar ɗaki kamar kayan lefen da aka fasa auren. Ƙanina kullum sai ya leƙo ya ce, "Yaya, yaushe za mu buga GTA?"

GTX 1060 mai 6GB nake nema, na hannu, don ƙarfina ke nan. Mai tallar nan ya ce yana da shi.

Abin da ke cina har yanzu shi ne wannan maganar. Na ce zan tura kuɗin, sai ya ce, "A'a Yallaɓai, kada ka tura duka, ba ka san ni ba. Tura rabi, in kaya sun hau mota sai ka cika." Shi da bakinsa. Wane ɓarawo ne zai ce kada a tura duka? Nan ne na saki jiki. Ina kwance ina juyi ina jin muryar nan, "ba ka san ni ba", kuma wallahi gaskiya ya faɗa min, ni ne ban ji ba. Har cewa ya yi in dakata ya yi sallar Magariba ya dawo mu ƙarasa ciniki.

Na tura 70,000 ranar Talata. Ko Litinin da dare ne, alat ɗin zai nuna. Kafin nan ma ai ya turo min bidiyo, katin na aiki, ya rubuta sunana a takarda ya ajiye kusa da shi, abin da nake ba wasu shawarar su nema ke nan. Na nema, an ba ni. Katin da ke bidiyon na gaske ne, har yanzu ina da yaƙini, ba dai shi aka sa a kwali ba. Da direba ya kira ya ce kaya na hannunsa na cika 75,000. 70 da 75, 145,000.

Na karɓo a tasha a Sabon Gari a Kano, direban ba ruwansa, kwali aka ba shi a naɗe. Tun a Keke Napep na ji bai yi nauyi ba, na ce wa raina ai akwai ƙananan 1060 masu fanka ɗaya. Na ga ramin VGA a baya, shuɗin nan na tsohuwar wayar allo, na kau da kai. Na san 1060 ba ta zuwa da VGA, na sani sarai, amma wanda ya biya 145,000 ba ya son ganin abin da idonsa ke nuna masa. Har da faifan direba, wato manhajar da ke sa katin aiki, a cikin kwalin.

Windows ta nuna GTX 1060 6GB, na yi hamdala. Sabon direban Nvidia, kamfanin da ke yin GTX, ya ƙi hawa. Da na faifan wasa yana buɗewa, minti biyu hoto ya tarwatse ya fito da kai waje. Na sa GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin bayanan kati, ga FAKE, wato jabu, a gaban sunan, a rubuce. Washegari na kai wa wani mai gyara a Farm Centre, ya kwance fankar, ya goge man da ke kan guntun, ya karanta lambar ya yi dariya. GTS 450 ce, ta shekarar 2010, ƙwaƙwalwarta 1GB, an sauya mata BIOS ne, wato manhajar da ke cikin katin, don ta riƙa faɗin sunan da ba nata ba. Shi ya sa da wasa ya nemi sama da 1GB sai komai ya rushe. Ya ce, "Maigida, wannan ko 15,000 ba zan saya ba." Dariyar nan ta fi kuɗin yi min ciwo.

Na manta ban faɗa ba, daren da kayan suka iso har kira na ya yi, wai yana tambayar ko na samu lafiya, Allah ya sa albarka. Da safe na tura masa hoton GPU-Z, ya karanta, ya toshe ni a WhatsApp. Lambar a kashe. Sunan asusun da na tura kuɗin ma ba sunan shafin ba ne, ya ce na matarsa ne, na yarda da wannan ma. Na je banki na cike takarda, sun ce in jira.

Hirarmu duka tana nan, da alat biyu, da bidiyon, da muryarsa. Zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin asusuna. Shafin na nan yana talla, jiya ma na ga ya sa RTX 3060, wani har yana tambayar farashi a ƙasa.

Kada ku sayi katin hoto sai an ɗaura shi a gabanku, an buɗe GPU-Z, an yi wasa na rabin awa. In kun ga VGA a jikin 1060 ku ajiye. Ni dai 145,000 ta tafi, akwati na nan a kusurwa, kuma ban san me zan ce wa yaron nan ba in ya dawo daga makaranta ranar Juma'a.