Maun ko Kasane: Ina Baƙo Zai Zauna a Botswana?

Masu samun aikin yawon buɗe ido a Botswana suna yawan tambayata: Maun ko Kasane?

Garin Maun, ƙofar shiga Okabango, wato babban dausayin nan mai namun daji, ya fi girma. Akwai babban asibiti, manyan kantuna da makarantu, gidan haya ma ya fi sauƙin samu. Sai dai kayan Afirka ta Kudu kan iso da tsada, saboda nisan hanya.

Kasane, da ke bakin kogin Chobe, ƙaramin gari ne, gidajen haya kaɗan, giwaye na ratsa unguwa da dare. Amma gadar Kazungula ta kan kogin Zambezi da aka buɗe a 2021 ta matso da Zambiya kusa. Gidan sauro kam dole ne a duka biyun.

Mai iyali ya nufi Maun. Gwauro mai son kogin Chobe, Kasane zai fi masa daɗi.