Hular fata ta ƙotar bindiga daga hannun wani baduku a Kasuwar Barci

Ɗan yayana yana da shekara 19 lokacin da bindigar farautar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ta koma hannunsa da lasisi a sunansa, kuma tun a fitarmu ta farko na lura da abin da ya tayar mini da hankali: kafin ya ja kunama sai ya runtse ido ya ɗaga kafaɗa, bakin bindigar ya sunkuya ƙasa. Bindigar mai baki ɗaya ce, lamba 12 a ma'aunin faɗin bututu, mara nauyi, wadda muka auna ta a sikelin gida muka sami kilo 2.8, ƙarshen ƙotarta kuwa busasshiyar roba ce mai tauri kamar katako. Harbi uku kacal ya yi a ranar, amma da ya cire riga da daddare kafaɗarsa ta yi jini-kwance. Ya ce mini, “Baffa, ba ciwon ne ya dame ni ba, tun kafin in harba nake jin zuwansa.” Wannan magana ce ta kai ni wurin wani baduku a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada a garin Kaduna, kuma aikin da ya yi mana shi ne abin da nake son in bayyana a nan bayan mun yi rani biyu muna amfani da shi.

Ban ɗauki bindiga zuwa kasuwa ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi hakan. Na ɗora ƙarshen ƙotar a kan kwali na zana kewayenta, na auna kaurinta da zare a wurare uku, sannan na kai wa dattijon badukun. Sana'arsa ta yau da kullum ita ce kuben wuƙa da jaka da gyaran sirdi, amma ya ce mafarauta sun sha kawo masa irin wannan aiki. Ya duba kwalin ya tambaye ni, “Malam, yaron naku dogo ne ko gajere?” A lokacin ban fahimci muhimmancin tambayar ba, na amsa masa da cewa matsakaici ne, alhali kuwa a kanta ne dukan aikin ya rataya.

Abin da ya ɗinka hula ce ta jar fatar akuya irin ta Sakkwato, wadda ake zura wa ƙarshen ƙota a ɗaure da tsirkiyar fata ta ƙasa, cikinta kuma ya jera roba mai laushi irin ta tafin silifa hawa uku. Ɗinkin hannu ne, ƙanana kuma a jere, babu inda zare ya kwance har yau, kuma kuɗin da ya karɓa bai kai na takalmin fata mai kyau ba. Babbar fa'idarta a wurina ita ce ba a taɓa jikin bindigar ba: babu yanka, babu ƙusa, babu huji. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta taƙaita wanda yake da izinin ƙera bindiga ko harsashi ko gyara su, don haka abin da za a sa a cire ba tare da an canja komai ba ya fi kwanciyar hankali ga mai lasisi.

Hular farko ba ta yi ba. Kaurinta ya kai santimita 3, wanda ya ƙara wa ƙotar tsawo har yaron ya riƙa miƙa wuya yana neman saiti, gwiwar hannunsa a miƙe, ƙarshen ƙotar kuma ya zame daga lungun kafaɗa ya koma kan dantse, inda duka ya fi zafi. Tsawon da ke tsakanin kunama da ƙarshen ƙota a yawancin irin waɗannan bindigogi yana kusa da santimita 36, an yi shi ne domin babban mutum, saboda haka ƙara masa 3 ga saurayin da ƙashinsa bai gama buɗewa ba ya ɓata abin da ake son gyarawa. Na koma na faɗa wa dattijon, bai yi musu ba, ya farke ya cire hawa ɗaya, ya fiƙe gefen sama domin kada ya riƙa kama riga yayin ɗagawa, kuma bai ƙara karɓar ko kwabo ba. Wannan hali nasa na daga cikin dalilan da suka sa nake tura masa mutane.

Da aka rage kaurin, bambancin ya fito fili. Dukan da a da yake sauka kamar an buga guduma ya koma kamar turi mai ƙarfi, jini-kwancen kuma bai sake bayyana ba. Sai dai ya kamata duk wanda zai sayi irin wannan hula ya san iyakarta, domin a nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Ƙarfin da ke tura bindiga baya yana fitowa ne daga nauyin dalmar da ta fita da saurin da ta fita da shi, sannan nauyin bindigar kanta ya shanye wani sashe. Bindiga mara nauyi ta fi duka, shi ya sa mai baki ɗaya ta fi mai baki biyu wahalar da kafaɗa da harsashi iri ɗaya. Roba ba ta rage wannan ƙarfi ba, abin da take yi shi ne ta shimfiɗa shi a kan fili mai faɗi kuma ta ja lokacin saukarsa kaɗan. Bakin bindigar yana nan yana tsalle sama, ƙota tana nan tana bugun kunci, ƙara kuma tana nan, ita ma tana da nata kason wajen sa mutum runtse ido.

Abin da ya ƙarasa maganin shi ne canja harsashi. Mun bar mai ɗauke da giram 32 na dalma muka koma mai giram 28, wanda a sauri ɗaya yake rage ƙarfin dukan da kusan kashi 20 cikin 100, muka kuma sa masa abin toshe kunne a lokacin gwaji. A kan zabon daji da makwarwa a tazarar da ta dace, ban ga wata asara ba. Wannan dabara ce mafarautan Amurka suka daɗe suna bi idan za su fara kai yaransu farautar manyan dabbobi da bindigar da ke fitar da dunƙulen dalma guda a maimakon ƙananan ƙwayoyi. Wasunsu suna zaɓa wa yaro bindiga mai sauƙin duka tun farko, kamar mai cin harsashin .243 Winchester da ya fito a 1955 ko 7mm-08 Remington na 1980, wasu kuma suna barin bindigar gidan mai ƙarfin duka, wato .30-06, amma su sa mata harsashi mai nauyin giram 8 a maimakon mai kusan giram 12, da ƙarancin sauri. Kamfanonin Remington da Hornady sun sayar da irin wannan harsashi a shirye da sunayen Managed-Recoil da Custom Lite, kamfanin albarushi na Hodgdon kuma ya wallafa jadawalin rage ƙarfi ga masu ɗura harsashinsu da hannu a gida, abin da dokar ƙasarsu ta amince da shi. Su ma sun san farashin wannan sauƙi, wato taƙaita nisan harbi, domin harsashin da ya rage sauri ba ya buɗewa yadda ya kamata a jikin dabba daga nesa, kuma raunata dabba ta gudu da ciwo zalunci ne.

Na kawo wannan ne domin wani abokin farauta ya taɓa ba ni shawarar mu buɗe harsashi mu zubar da wani sashe na albarushin. Na ƙi, kuma ina roƙon kowa ya ƙi. Doka ba ta ba mu wannan izini ba, sannan jadawalin da na ambata an fitar da shi ne bayan gwaji da na'urar auna matsi a kan nau'in albarushi takamaimai. Wanda ya rage da ka yana iya samun harbin da bai da ƙarfin fitar da abin da ke cikin bututu, harbi na biyu kuma ya tarar da hanya a toshe a daidai fuskar yaro.

Ta fuskar ƙarko, fatar ta jure, amma tana buƙatar kulawa. Hunturun Kaduna yana busar da ita har ta fara tauri a gefe, don haka nakan shafa mata man kaɗanya kaɗan a farkon Disamba da kuma wajen Fabrairu. Tsirkiyar takan saki bayan tafiya mai tsawo, sai an duba ta kafin a ɗura harsashi, domin hular da ta karkace ta fi rashinta illa. Robar ciki ta fara lotsewa a ƙarshen rani na biyu, kuma idan raɓa ta jiƙa ta dole a cire a shanya a inuwa don kada katakon ya sha danshi.

Ga saurayi mai lasisi da ke riƙe da bindigar gado mai tsawon da ya yi masa daidai ko ya ɗan gaza, ina ganin wannan aiki ya cancanci kuɗinsa da ma fiye. Ga wanda ƙotar ta riga ta yi masa tsawo kuwa, hular za ta ƙara masa matsala ne, gara a nema masa wata bindigar ta hanyar da doka ta tanada. A ranin da ya wuce, a gefen gonarmu da ke kan hanyar Zariya, na tsaya a bayan ɗan yayana ina kallon fuskarsa lokacin da garken zabi ya tashi, na ga idonsa biyu a buɗe har hayaƙi ya washe. Bayan girbin bana zan mayar wa dattijon hular ya canja robar ciki.