Wace allura ce ta fi dacewa wajen ɗebo tsokar ƙarin fankiriyas?

Majinyacin da ya taso daga ƙauyukan Gumel ko Birnin Kudu zuwa babban asibiti, saboda hoto ya nuna ƙari a fankiriyas ɗinsa, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, sau da yawa sai an sayar da akuya ko buhun gero kafin kuɗin mota ya haɗu. Bai dace a ce da irin wannan mutum ya koma gida ya dawo a sake gwaji ba. Da wannan ma'auni nake ganin ya kamata likitoci da masu sayo kayan asibiti su zaɓi allurar da ake zurawa ta cikin na'urar leƙa ciki mai ɗauke da sikanin.

Allurar iri biyu ce: FNA mai zuƙowa da FNB mai yankowa. Allurar FNA, wadda aka fara amfani da ita a fankiriyas a ƙasar Danmak a 1992, ƙwayoyin halitta take zuƙowa, kuma ta fi arha. Tana aiki sosai idan akwai likitan gwajin ƙwayoyi a cikin ɗakin, yana duba abin da aka ɗebo nan take ya ce ya isa ko bai isa ba. A wajenmu da wuya a samu hakan.

Allurar FNB kuwa yanko tsoka take yi yadda tsarinta yake, kuma bakinta ne ya bambanta ta. Acquire ta kamfanin Boston Scientific tana da tsini uku, SharkCore ta Medtronic bakinta a rabe yake gida biyu, ita kuma ProCore ta Cook tana da tsaga a gefe. Biyun farko sun fi kawo tsoka mai kauri, suka biyu ko uku kan wadatar, kuma likita zai iya ganin farin zaren tsokar da idonsa kafin ya sa a fomalin, wato ruwan maganin da ke adana tsoka. Da irin wannan tsoka ake rarrabe sankarar fankiriyas da cututtukan da ke kama da ita, kamar limfoma, wato sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki, da kumburin da garkuwar jiki ke haddasawa, waɗanda maganinsu daban ne ƙwarai.

Batun kauri kuma, yadda lamba ta ƙaru haka allura take ƙara sirancewa. Lamba 19 tana da tauri, tana wahalar sarrafawa idan ƙarin yana ɓangaren fankiriyas da ake kira kai, inda dole na'ura ta lanƙwashe a farkon ƙaramin hanji. Lamba 25 ta fi bin lanƙwasa.

Shawarata ita ce a sayi FNB lamba 22 mai tsini uku ko rababben baki duk da tsadarta, a ajiye 'yan lamba 25 saboda wuri mai wuyar kaiwa. Kowace allura ta mutum ɗaya ce, ba a wankewa a sake. Kuma tun da tarin fuka yana iya kama fankiriyas ya yi kama da sankara, idan akwai zarginsa a ware wani ɓangare na tsokar a ruwan gishiri domin gwajin tibi, kada a zuba duka a fomalin.